Kilomita 1,400 bisa keke saboda cutar da alkama ke tayarwa

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga garinsu zuwa kasuwar mako, da buhu ɗaure a baya, ya san abin da kilomita 20 ke yi wa gwiwa da ƙugu. To, a ƙasar Birtaniya akwai wata hanya da ake bi bisa keke, tsawonta ya kai kilomita 1,400. Tana tasowa daga wani tsinin ƙasa na kudu maso yamma mai suna Lans-End, ma'anarsa "ƙarshen ƙasa". Tana ƙarewa a wani ɗan ƙauye na bakin teku, can arewacin Sikotland, mai suna Jon-o-Gurots. In muka kwatanta da ƙasarmu, kamar mutum ya tashi daga Yamai ne, ya bi ta Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, bai kai zangon ƙarshe ba sai Difa.

Yawancin masu bin wannan hanya suna yin kwana 10 zuwa 14. Kowace rana suna cin kilomita 100 ko fiye. A shekarar 2018 wani malamin lissafi, Maikel Burodwit, ya gama ta cikin awa 43 da minti 25, amma wannan gwanin tsere ne, ba da irinsa muke magana ba. Waɗanda muke nufi mutane ne kamar kowa: ma'aikata, ɗalibai, iyaye mata, har da tsofaffi. Da yawansu suna ɗaukar wannan wahala ne domin su tara wa wata ƙungiyar taimako kuɗi. Kafin mutum ya tashi, yakan sanar da dangi, abokai da abokan aiki. Wannan ya yi alkawarin kaza, wancan ya yi alkawarin kaza, wani kuma ya ce zai biya bisa yawan tafiyar da aka yi. Yanzu ta intanet ake tara yawancin kuɗin. Mai keken yakan sa riga mai ɗauke da sunan ƙungiyar, domin duk inda ya tsaya a tambaye shi.

Daga cikin masu wannan tafiya akwai waɗanda ke yin ta saboda wata cuta da lokotoro ke kira seliyak. Tun da wannan shafi na lafiya ne da noma, mu yi sauri mu ce: ba ciwon da ke kama alkama a gona ba ne. Ciwo ne da ke kama mutum in ya ci alkama.

Abin da ya sa suke yawo da sunan cutar

Ƙungiyar da ke tsaya wa masu wannan cuta a Birtaniya sunanta Coeliac UK. An kafa ta a 1968. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Fita Benensan, mutumin da ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty International, wanda shi kansa yana da cutar. Bisa lissafin wannan ƙungiya, mutum 1 cikin 100 a ƙasar yana ɗauke da ita. Amma waɗanda aka gwada aka gano, ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da kaɗan ba. Sauran, wajen mutum rabin miliyon, suna nan suna fama ba su san abin da ke cinsu ba. Ƙungiyar ta kuma ce babban mutum yakan yi wajen shekara 13 yana shan wuya kafin a gano sunan ciwonsa.

Mu tsaya kan wannan shekara 13. Ƙasa ce mai asibitoci da na'urori, ganin lokotoro kuma kyauta ne. Duk da haka sai mace ta shekara goma tana zuwa da ciwon ciki da kasala, ana ce mata damuwa ce, ko jini ne ya yi mata kaɗan, a ba ta ƙwayoyi ta koma gida, ta ci burodinta da safe. Na'urar gwaji tana nan, amma ba ta aiki sai wani ya tuna da sunan cutar ya ce a gwada. Wannan ne ainihin abin da masu keken ke nema. Kuɗin da suke tarawa yana da amfani, yana zuwa ga bincike da ba marasa lafiya shawara. Amma a ganinmu, aikin sanƙira da suke yi ya fi kuɗin. Mai shagon shayi da ya tambaye su ma'anar rubutun rigarsu, wataƙila yana da ƴa a gida wadda ta ƙi girma.

Mun san wani zai yi dariya ya ce: ƙoshi ne ya yi masu yawa, shi ya sa suke sayen gajiya. Ba mu ce babu masu yi don a gansu ba. Amma in an ji abin da mai wannan cuta ke gamuwa da shi a kowane zango, dariyar za ta ragu.

Yadda cutar take aiki

Cikin alkama akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutan. Kowa na iya ganinsa da idonsa. A kwaɓa garin alkama ya yi tauri, a bar shi ya ɗan huta, sannan a riƙa murza shi cikin ƙwaryar ruwa. Ruwan zai yi fari, a zubar a sake. A ƙarshe abin da zai rage a hannu wani ɗan curi ne mai talewa kamar roba. Shi ne gulutan. Shi ke riƙe iska cikin ƙullu har burodi ya tashi, shi ke sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. In aka yi wannan gwaji da garin hatsi ko na dawa, komi narkewa zai yi, ba abin da zai rage. Shi ya sa ba a yin burodi mai tashi da hatsi zalla. Bayan alkama, ana samun gulutan cikin sha'ir, da wani danginsu na ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira segil.

Ga yawancin mutane gulutan cimaka ce kawai. Amma ga mai seliyak, dakarun da ke tsaron jikinsa daga cututtuka suna ɗaukar gulutan tamkar abokin gaba. Da ya iso ƙaramin hanji sai su tashi da faɗa, kuma wurin faɗan sai su ɓata hanjin kansa.

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana cike da ƴan tsirai ƙanana masu yawan gaske, kamar gashin tawul. Su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. In faɗan nan ya daɗe, sai tsiran su lalace su kwanta. Manomi zai gane wannan da sauri. Hanjin ya zama fako: ruwan sama na zuba bisa kansa, amma ba ya shiga, wucewa yake yi. Mutum na ci, abincin na bi ta cikinsa, jiki kuwa bai samu rabonsa ba.

Ga ƙaramin yaro, alamun sukan fito ƴan watanni bayan an fara ba shi abinci mai alkama. Zawo ne da ba ya tsayawa. Kashin yana da yawa, ya yi fari-fari, yana da maiƙo da wari ƙwarai. Ciki ya kumbura, hannu, ƙafa da ɗuwawu su tsotse. Yaron ya daina ƙaruwa a sikeli, ya cika kuka da ƙyuya. Ga babba kuwa, cutar ta fi iya ɓoyewa. Wani ƙarancin jini ne da ba ya jin magani. Wani gajiya ce kullum, ko gyambon baki mai dawowa, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Wani ƙashinsa ke yin rauni har ya karye da ƙaramar faɗuwa. Mace na iya yin ɓari a kai a kai. Akwai ma wanda cikinsa ɗaurewa yake yi maimakon zawo. Tana iya bayyana ga ɗan shekara biyu, tana iya jira sai mutum ya yi furfura.

Ba a ɗaukar ta daga wani, ko an ci ƙwarya ɗaya, ko an kwana ɗaki ɗaya. Amma tana bin jini. In uwa, uba, wa ko ƙane yana da ita, mutum 1 cikin 10 na irin waɗannan dangi na kusa yakan same ta.

Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Maganinta ɗaya ne: mutum ya bar alkama da danginta ɗungum, iya rayuwarsa. In ya yi haka, cikin makonni kaɗan yakan ji sauƙi. Hanjin yaro yakan warke cikin watanni, na babba yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye. In ya koma wa alkama, ciwon ya dawo.

Guzurin hanya

Yanzu mu koma bisa keke. Masu bin hanyar nan sun fi tasowa daga kudu su nufi arewa, domin iskar ƙasar ta fi busowa daga kudu maso yamma, sai ta riƙa tura su ta baya. Kwana biyu na farko, cikin yankunan Konwal da Debon, su ne da yawa ke cewa sun fi wuya. Tuddan ba su da tsawo sosai, amma suna da tsayi a miƙe, kuma da ka sauka ɗaya wani na jiranka. Daga nan a ratsa yammacin Ingila, a shiga Sikotland, a hau duwatsun arewa inda ruwa da sanyi ke iya tarar mutum ko cikin watan Yuli.

Mai irin wannan tafiya yana buƙatar ci ƙwarai, kusan ninkin abin da ya saba. To, me ake sayarwa a bakin hanya? Burodi da nama a tsakiya. Taliya. Biskit da kek. Kifi da aka tsoma cikin ƙullun alkama aka soya. A Konwal, inda tafiyar ke farawa, abincin da suke alfahari da shi nama ne da dankali naɗe cikin ɓawon alkama. Abokan tafiya su tsaya su ci su ƙoshi cikin minti goma. Mai seliyak kuwa sai ya tsaya yana tambaya. Da me aka ɗaure miyar nan? An soya dankalin nan cikin man da aka soya kifin? Da wace wuƙa aka yanka, bisa wane katako?

Ba tsirfa ba ce. Ɗan ɓurɓushin burodi ya isa ya tayar da ciwon. Hukumar duniya mai tsara ƙa'idodin abinci ta yanke a 2008 cewa ba za a rubuta wa abinci "babu gulutan" ba sai in abin da ke ciki bai wuce miligaram 20 cikin kilo ɗaya ba. Wato cikin buhu mai kilo 100, giram 2 kacal, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. In aka yi kuskure guda a zangon dare, gobe mutum zai tashi da murɗar ciki da zawo, ga kilomita 120 na jiransa. Saboda haka tun kafin ya tashi yakan tsara inda zai ci a kowane gari, ya cika jakarsa da ayaba, gyaɗa, dabino, dafaffen ƙwai da wainar shinkafa. A shago yakan nemi wata alama bisa kwali, zangarniyar alkama da aka ja wa layi, wadda ke nuna an gwada abincin. Irin wannan burodi na musamman kuwa ya ninka na kowa kuɗi sau da yawa.

Kwana goma sha biyu kenan na irin wannan lissafi. Amma mai cutar haka yake yi kowace rana, wurin biki, wurin suna, gidan surukai, inda ƙin cin abin da aka ba ka yakan zama abin magana.

Yadda yunwa ta tona asirin alkama

Cutar tsohuwa ce. Wani masanin magani na Girka mai suna Aretayus ya bayyana ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, kuma sunanta ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin ciki. A 1888 wani lokotoron yara na Landan, Samuwel Ji, ya rubuta alamunta dalla-dalla, ya kuma gane cewa ta wajen abinci za a samu maganinta. Sai dai bai gano wane abinci ba ne, har yana ba yaran gasasshen burodi. A 1924 wani lokotoro na Amurka, Sidni Has, ya riƙa ciyar da irin waɗannan yara da ayaba mai yawa, ya hana su burodi da sauran abinci mai gari. Yara suka warke, aka yi ta yabon ayaba shekara da shekaru, alhali barin burodin ne ya yi aikin.

Wanda ya kama ɓarawon shi ne Wilem Dike, lokotoron yara a birnin Heg na ƙasar Holan. Tun shekarun 1930 yake zargin alkama, saboda abin da yake gani ga yaran da yake kula da su. Sai aka shiga yaƙin duniya na biyu. A sanyin ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945, sojan Jamus suka tare hanyoyin abinci, yunwa ta faɗa wa yammacin Holan. Wajen mutum 20,000 suka rasu. Burodi ya yi wuyar samu, mutane suka koma cin albasar furanni da duk abin da suka tono. Cikin wannan masifa Dike ya ga abin mamaki. Sauran yara na ramewa, amma masu seliyak suna samun sauƙi. Da aka kawo taimakon garin alkama, burodi ya dawo, sai ciwonsu ya dawo tare da shi.

Bai tsaya ga abin da ido ya gani ba. Bayan yaƙi, shi da abokan aikinsa suka riƙa ba yara abinci da awo, wani lokaci da alkama, wani lokaci babu, suna auna yawan maiƙon da ke fita cikin kashinsu. Duk lokacin da alkama ta shiga, maiƙon ya ƙaru. Ya gabatar da sakamakon a 1950. Ba da jimawa ba aka tabbatar cewa gulutan ne mai laifin, ba farin garin da ruwa ke wankewa ba.

Yaran Tinduf

An daɗe ana zaton wannan ciwon Turawa ne kaɗai. Abin da ya rushe wannan zato ya faru ne a cikin hamadar da muke maƙwabtaka da ita. Kusa da garin Tinduf, a kudu maso yammacin Aljeriya, akwai sansanonin ƴan gudun hijirar Yammacin Sahara, waɗanda ke zaune can tun wajen 1975. Kakanninsu makiyaya ne, cimakarsu nonon raƙumi ne da nama, da ɗan abin da ya samu na tsaba. A sansani kuwa, garin alkama na taimako ya zama abincin safe, rana da dare.

Yara da yawa suna fama da zawo, kumburin ciki da rashin girma. Kowa ya ɗauka tamowa ce da rashin tsabtar ruwa, kuma lalle akwai waɗannan. Sai wasu lokotoro na Italiya, ƙarƙashin Karlo Katasi, suka gwada jinin yara kusan 1,000. Sakamakon da suka buga a 1999 ya nuna wajen yaro 1 cikin 18 yana da seliyak. Ya ninka na Turai sau biyar, kuma yana cikin mafi yawa da aka taɓa samu a duniya. Abu biyu ne suka haɗu: gadon cutar yana da yawa cikin jinin wannan al'umma, sannan ga alkama ta zo masu da yawa a lokaci ɗaya. Buhun da aka kawo don ceton rai, ga waɗannan yara shi ne ke hana su girma.

Abin da ya shafe mu

A ƙasashen kudu da Sahara ba a cika samun labarin wannan cuta ba kamar a Aljeriya, Libiya ko Maroko. Gadonta bai yi yawa cikin jininmu kamar nasu ba, gwajin ma ba a cika yinsa ba, sannan abincinmu na asali ba ya ɗauke da gulutan. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, dankali, wake, gujiya, gyaɗa, riɗi, nono, nama, kifi, ƙwai, zogale, kuka, kuɓewa: babu ko ɗaya mai shi. Wanda ya tashi da fura da tuwo, ko yana da gadon cutar, zai iya tsufa bai taɓa sanin yana da shi ba.

Amma ƙwaryarmu tana sakewa. Kakanninmu sai da salla ko biki suke ganin alkaki da funkaso. Yau yaro a birni yana karyawa da burodi da shayi, da rana taliya, da marece fanke ko biskit na dala biyar. Ƙauye ma taliya ta isa, domin tana da saurin dahuwa, ba ta cin itace, ba ta buƙatar daka.

Kada kowa ya fahimce mu a karkace. Ba mu ce a guji alkama ba. Ga mutum 99 cikin 100 abinci ce mai kyau, kuma manoman rani na Ƙonni da Jiratawa, da masu garake a duwatsun Ayar, suna samun abin rufin asiri da ita. A Turai da Amurka ma akwai masu ƙoshin lafiya da suka mai da ƙin gulutan ado, suna kashe kuɗi a banza. Haka kuma, in yaro yana zawo a garuruwanmu, abin da za a fara zargi shi ne ruwa maras tsabta, ƙazantar hannu, tsutsar ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Inda ya kamata a tuna da seliyak shi ne inda aka yi duk wannan amma abin ya ƙi. Yaro ya sha maganin tsutsa, ana ba shi abinci isasshe, ƴan uwansa da ke cin ƙwarya ɗaya da shi suna girma, shi kuwa wata da watanni yana nan jiya i yau. Ko mace ta sha ƙwayoyin ƙarin jini har ta gaji, jinin bai hau ba. A nan uwa tana da abin da lokotoro ba ya da shi, domin ita ce ta san abin da yaron ke ci. Ta lura: yaushe ciwon ya fara? Kafin a fara ba shi burodi da taliya ne ko bayan nan? In ya je ƙauye wajen kakarsa ya yi wata yana shan fura da koko, yana samun sauƙi? In ya dawo birni fa? Ta faɗa wa malamin likita wannan duka, ba tare da jin kunya ba, har da kamannin kashin.

Gwajin iri biyu ne. Da farko ana ɗibar jini. In ya nuna alama, sai a zura wani siririn bututu mai fitila ta baki har ƙaramin hanji, a tsinko ɗan ƙanƙanin nama a duba. Wannan aikin babban asibiti ne, ƙaramar likita tura mutum gaba za ta yi. Ga wani abu da mutane da yawa ke kuskurewa: kada a daina cin alkama kafin gwaji. In an daina, jini da hanji za su fara komawa daidai, gwajin ya ce lafiya lau, alhali cutar na nan. Lokotoro sukan so mutum ya kasance yana cin ta kullum har mako shida kafin a gwada shi.

In an tabbatar da cutar, mai ita a nan ya fi ɗan uwansa na Birtaniya sa'a ta wani fanni, domin abincin da ya dace da shi shi ne mafi araha a kasuwarmu. Sai dai alkama takan shiga inda ba a zato. Masu ɗanwake da yawa yanzu suna haɗawa da fulawa. Wata mai waina takan zuba ɗan garin alkama don ƙullu ya kama. Mai tuya takan soya fanke da ƙosai cikin mai ɗaya. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya na kanti suna da garin alkama a ciki, alhali daddawar kalwa ba ta da shi. Lemun malt na kwalba da sha'ir ake yinsa. Wanda ya iya karatu ya juya kwali ya duba jerin abin da ke ciki. In ya ga an rubuta blé, orge, seigle ko gluten, ya ajiye. A gida kuma a ware wa mai cutar tukunyarsa, muciyarsa da rariyarsa.

Ta wajen gona

Yawan masu neman abinci maras gulutan a duniya ya sa an fara waiwayar tsabar da muke nomawa. A 2018 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da acca a kasuwanninta. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa wa 2023 suna shekarar gero da danginsa. Nijar tana sahun gaba cikin ƙasashen da suka fi noman hatsi a duniya. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa gari, dambu da dagen fura busasshe suna sa wa cikin leda, ya kamata su san wannan, ko don masu saye na birane.

Sai dai mai sayen irin wannan gari ba farinsa kaɗai yake dubawa ba. Abin da zai fara tambaya shi ne ko ya haɗu da alkama a hanya. Hatsi yana fitowa daga gona da tsabtarsa, wurin aiki ne yake gurɓata. Injin niƙan unguwa da ya niƙa alkama da safe, ya niƙa hatsi da hantsi, ya riga ya gauraya su. Haka tabarmar shanya, haka tiyar awo, haka teburin da aka murza taliya a kai. Ku tuna da giram 2 cikin buhu mai kilo 100. Buhun fulawa da aka zazzage aka sake zuba garin hatsi a ciki, abin da ya maƙale a kusurwoyinsa kaɗai ya isa ya wuce wannan awo. Ƙungiyar da ke son shiga wannan kasuwa tana buƙatar injinta na kanta wanda alkama ba ta taɓa shiga ba, da sababbin buhuna, da ɗakin ajiya dabam, sannan a kai samfurin garin ɗakin awo kafin a rubuta komi bisa leda.